Alister MacKenzie

Alister MacKenzie (an haife shi ranar 30 ga watan Agusta, 1870, ya rasu ranar 6 ga watan Janairu, 1934) likita ne ɗan ƙasar Birtaniya wanda ya ajiye aikin likitanci ya koma tsara filayen wasan golf. Ya yi aiki a Turai, da Amurka ta Arewa, da Amurka ta Kudu, da Ostareliya. Cikin filayen da ya tsara akwai Augusta National a jihar Jojiya, inda ake buga gasar Masters a kowane watan Afrilu, da Cypress Point a Kalifoniya, da Royal Melbourne a Ostareliya. A shekarar 2005 aka shigar da sunansa zauren fitattun mutanen golf na duniya. Ya rasu wata biyu da rabi kafin a buga gasar Masters ta farko, bai ga filin Augusta a kammale ba, kuma ba a gama biyansa kuɗin aikinsa ba.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Normanton da ke kusa da birnin Leeds, a yankin Yorkshire na arewacin Ingila. Sunan da aka raɗa masa shi ne Alexander, amma Alister ya bi shi tun yana yaro. Iyayensa 'yan asalin Sukotland ne, mahaifinsa likita ne, kuma iyalin sukan tafi hutun bazara can arewacin Sukotland, wajen Lochinver. Ya yi makarantar Queen Elizabeth da ke Wakefield, daga nan ya wuce Jami'ar Cambridge inda ya karanta kimiyya da likitanci. Da ya gama sai ya koma yankin Leeds ya fara duba marasa lafiya kamar mahaifinsa.

Yaƙin Boer da dabarar ɓad-da-kama

A lokacin yaƙin da Birtaniya ta gwabza da Turawan Boer a Afirka ta Kudu (1899 zuwa 1902), MacKenzie ya tafi can a matsayin likitan tiyata na farar hula tare da sojojin Birtaniya. Yaƙin ya ƙare ne a watan Mayu na 1902, wato ƙasa da shekara guda kafin dakarun Lugard su shiga Sakkwato a watan Maris na 1903.

Boer ɗin galibinsu manoma ne da makiyaya, sun san ƙasarsu ciki da bai. Idan za su haƙa ramukan ɓuya, ba sa tara ƙasa a miƙe kamar katanga yadda sojan Turai ya saba. Sukan bi lanƙwasar ƙasar, su watsa abin da suka haƙo, su rufe da ciyawa da duwatsun wurin, ta yadda mai zuwa ba zai ga komai ba sai ya shigo bakin bindiga. A Magersfontein, cikin watan Disamba na 1899, sun haƙa ramukansu a gindin tudu, alhali sojojin Birtaniya suna ta luguden wuta a kan tudun, kuma Birtaniya ta yi mummunar asara a ranar. Wannan dabara ta zauna wa MacKenzie a rai. Abin da ya ɗauka daga ciki shi ne, hannun mutum zai iya sarrafa ƙasa har ido ya kasa bambance aikin da halittar Allah, kuma idon mutum yana ruɗuwa wajen auna nisa idan aka san yadda za a jera tudu da kwari a gabansa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya fara shiga a matsayin likita, amma daga baya ya koma sashen injiniyoyin soja ya yi aikin ɓad-da-kama. Bayan yaƙin bai sake komawa likitanci ba.

Shigarsa aikin tsara fili

Cikakken filin golf yana da ramuka 18. A kowane rami ɗan wasa yakan fara daga dandalin bugun farko, ya bi hanya mai askakkiyar ciyawa, ya isa farfajiyar da ramin yake, ya jefa ƙwallon ciki. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, bugu uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon tsawonsa. Aikin mai tsara fili shi ne ya zaɓi inda kowane rami zai bi, da inda za a sa guraben yashi, da yadda farfajiya za ta karkata. A tsofaffin filayen Kano da Kaduna da Jos, waɗanda Turawan mulkin mallaka suka kafa, an daɗe ana yin farfajiyar da yashi gauraye da baƙin mai saboda ciyawa mai laushi tana son ruwa duk shekara. A ƙasashen da MacKenzie ya yi aiki kuwa ciyawa ce, kuma a kanta ya fi nuna gwanintarsa.

Shi kansa bai taɓa zama gwanin ɗan wasa ba, kuma masu nazarin aikinsa suna ganin hakan ya taimake shi, domin ya san halin da mai rauni yake shiga. A 1907 yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin Alwoodley a wajen Leeds, shi ne sakatarensa na farko, shi kuma ya zana filin. Mambobin ba su saki jiki da zanen likita ba, sai suka gayyato Harry Colt, wanda a lokacin shi ne sakataren kulob ɗin Sunningdale kuma sunansa ya fara fita a wannan fanni. Colt ya duba ya goyi bayan yawancin tsarin. Bayan shekara biyu MacKenzie ya tsara Moortown a unguwa guda, kuma a can aka buga gasar Kofin Ryder ta 1929, karo na farko da aka yi ta a Birtaniya.

Ba duk aikinsa na farko aka karɓa ba. A Sitwell Park, kusa da Rotherham, ya gina wasu farfajiyoyi a jikin gangare masu hawa-hawa har ƙwallo ba ta iya tsayawa inda aka so. Mambobi suka yi ta ƙorafi, aka baje su. Hotunansu ne suka rage, kuma har yau ana kawo su a muhawara kan iyakar da ya kamata mai tsara fili ya tsaya.

Sunansa ya fita waje a 1914, lokacin da mujallar Country Life ta shirya gasar zanen rami mai bugu huɗu. Bernard Darwin, jikan Charles Darwin kuma shahararren mai sharhin golf na jaridar The Times, yana cikin alƙalan. Zanen MacKenzie ne ya zo na ɗaya. Ya ba ɗan wasa hanyoyi da dama zuwa rami guda, kowace da irin kasadarta da irin ribarta. Charles Blair Macdonald ya ɗauki tsarin ya gina shi a matsayin rami na 18 a filin Lido da ke kusa da New York. Daga 1919 zuwa 1923 MacKenzie ya yi haɗin gwiwa da Colt da Charles Alison, sannan ya ware ya ci gashin kansa.

Ra'ayinsa

A 1920 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna Golf Architecture, inda ya jera ƙa'idoji 13 na fili mai kyau. A zamanin da ya fara aiki, abin da aka saba shi ne a gitta gurbin yashi a tsakiyar hanya domin a hukunta duk wanda ya yi kuskure. MacKenzie ya ga cewa wannan tsari mai rauni kawai yake wahalarwa, gwani kuwa yana tsallake shi ba tare da ya yi tunani ba. Shi abin da yake so shi ne hanya mai faɗi, ba doguwar ciyawar da za a ɓata lokaci ana neman ƙwallo a ciki, da guraben yashi kaɗan amma a ajiye su daidai inda gwani yake kwaɗayin bi. Mai ƙarfin hali ya ratsa ta kan haɗari ya sami sauƙin bugu na gaba. Mai tsoro ko mai rauni ya zagaya, ya yi asarar bugu ɗaya, ya isa lafiya. Ya kuma nace cewa kada a bar tafiya mai nisa tsakanin rami da rami, kada ramuka biyu su yi kama da juna, kuma duk tudun da aka gina ya saje da ƙasar wurin. A wannan na ƙarshe darasin Afirka ta Kudu ya fito fili.

Makarantarsa ta biyu ita ce tsohon filin St Andrews a Sukotland, wanda ba wani mutum guda da ya zana shi. Iska da tumaki da ƙafafun 'yan wasa na ɗaruruwan shekaru ne suka siffanta shi a kan jigawar bakin teku. MacKenzie ya auna filin ya zana taswirarsa, wadda ya kammala a 1924, kuma har yanzu ana buga kwafinta. Ƙasa mai yashi irin wannan ita ce burin duk mai tsara fili. Manomin Wurno ko Goronyo zai fifita fadama a kan jigawa, amma a golf abin juye yake: yashi yana shanye ruwa nan take, ƙasa ta yi tauri, ƙwallo ta yi gudu a kanta.

Ostareliya da Kalifoniya

A ƙarshen 1926 kulob ɗin Royal Melbourne ya gayyace shi Ostareliya. Makonni kawai ya yi a ƙasar, amma cikinsu ya zana filin yamma na Royal Melbourne, ya tsara guraben yashin Kingston Heath, ya ba da shawara a Royal Adelaide da New South Wales, sannan ya biya ta Titirangi a New Zealand. Bai tsaya ya ga an gina ko ɗaya ba, kuma bai sake komawa ba. Ya bar aikin a hannun Alex Russell, zakaran gasar Ostareliya ta 1924, da Mick Morcom mai kula da ciyawar kulob ɗin. Filin yamma ya kammala a 1931. Haka ya riƙa yi a wurare da yawa: ya zo, ya zana, ya sami mutum guda mai fahimta ya koya masa, ya wuce. Saboda haka ne masana tarihin golf suke yawan gardama kan nawa ne nasa, nawa ne na abokan aikinsa, a filayen da ke ɗauke da sunansa.

A Kalifoniya wata mata ce ta buɗe masa ƙofa, Marion Hollins, zakarar matan Amurka ta 1921. Tana shirin kafa kulob a Cypress Point, a gaɓar tekun Pasifik, sai wanda aka fara ba aikin, Seth Raynor, ya rasu a farkon 1926. Hollins ta ɗauko MacKenzie, shi kuma ya yi aikin tare da Robert Hunter. An buɗe filin a 1928. Ya ratsa daji, ya bi tuddan yashi, ya fito kan duwatsun bakin teku. MacKenzie bai damu da al'adar jera ramuka ba, ya sa masu bugu biyar guda biyu a jere, ya kuma sa masu bugu uku guda biyu a jere, domin haka ƙasar ta ba da. Rami na 16 shi ne ya fi shahara: kimanin yadi 230, kusan duka a kan ruwan teku. Amma ko a nan akwai busasshiyar ƙasa ta hannun hagu ga wanda ba zai iya tsallakewa ba.

A 1929 ya tsara wa Hollins wani filin, Pasatiempo, a Santa Cruz, kuma a gefen rami na shida ya gina gidan da ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Cikin waɗannan shekaru ya gyara Lahinch a Ireland, ya tsara Crystal Downs a Michigan tare da Perry Maxwell, ya kuma je Ajantina a 1930 ya yi wa Jockey Club na Buenos Aires filaye biyu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda sai da ya ƙirƙira mata tuddai.

Augusta National

Bobby Jones, lauya daga Atlanta wanda bai taɓa buga golf don kuɗi ba, shi ne gwanin duniya a lokacin. A watan Satumba na 1929 ya je Pebble Beach gasar 'yan wasan sha'awa ta Amurka, sai wani matashi, Johnny Goodman, ya fitar da shi a zagayen farko. Da ya sami kansa ba abin yi, ya buga Cypress Point, ya kuma halarci buɗe Pasatiempo. Shi ma Jones masoyin St Andrews ne, duk da cewa a zuwansa na farko a 1921 ya fusata ya janye daga gasa ana tsakiyar wasa. A 1930 ya lashe manyan gasa huɗu na zamanin cikin shekara guda, ya yi ritaya yana da shekara 28, ya juya ga burinsa na gina fili.

A 1931 Jones da abokinsa Clifford Roberts, wani mai harkar hannun jari a New York, suka sayi tsohuwar gonar renon itatuwa ta Fruitland a garin Augusta, eka 365, a kan dala 70,000. Iyalin Berckmans 'yan asalin Beljiyam ne suka yi shekaru suna renon furanni da itatuwa a wurin, shi ya sa kowane rami yake ɗauke da sunan wata shuka. Jones ya zaɓi MacKenzie. Su biyun suka yi fili mai faɗin gaske, ba doguwar ciyawa, da guraben yashi da ba su kai talatin ba, a zamanin da wasu manyan filaye suke da fiye da ɗari. Wahalar duka tana cikin gangaren ƙasa da karkatar farfajiyoyi. Jones yakan tsaya ya buga ƙwallaye daga wuraren da aka yi alama, a ga inda bugun gwani yake sauka.

Lokacin bai yi musu daɗi ba. Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a watan Oktoba na 1929, kuma tattalin arziki ya durƙushe. Roberts ya yi lissafin samun mambobi 1,800, amma zuwa lokacin gasar farko 76 kawai aka samu. Bisa bayanan da David Owen ya tattaro daga takardun kulob ɗin, a littafinsa na tarihin gasar da ya fito a 1999, kuɗin aikin MacKenzie dala 10,000 ne, ya yarda aka rage zuwa 5,000, kuma abin da ya shiga hannunsa bai wuce 2,000 ba. Ya yi ta rubuta wasiƙu yana roƙon a biya shi ko da wani abu ne daga ciki, domin masu bin sa bashi sun matsa masa. Zuwansa Augusta na ƙarshe a 1932 ne, kafin ciyawa ta rufe ƙasa. An buɗe kulob ɗin a hukumance a watan Janairu na 1933 ba ya nan.

Rasuwa

Ya rasu a gidansa na Pasatiempo ranar 6 ga watan Janairu, 1934, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 63. Ya bar matarsa ta biyu, Hilda, wadda ya aura a 1930. Ya kuma bar rubutun littafi na biyu da bai samu bugawa ba, mai gabatarwa daga Bobby Jones. Rubutun ya yi shekara sittin cikin takardun iyali kafin jikan matarsa ya gano shi, aka buga shi a 1995 da sunan The Spirit of St Andrews.

Filin bayan rasuwarsa

An buga gasar farko a Augusta daga 22 zuwa 25 ga watan Maris, 1934, Horton Smith ya lashe. A shekara ta biyu aka juya tsarin, ramuka tara na farko suka koma na ƙarshe. A wannan shekarar ce Gene Sarazen ya jefa ƙwallo da bugu biyu kacal a rami na 15 mai bugu biyar, daga nisan yadi 235, ya kamo Craig Wood, ya doke shi washegari. Labarin ya bazu a jaridu, ya ɗaga sunan gasar. A yau Masters tana cikin manyan gasa huɗu na golf, tare da gasar PGA, da US Open, da Open ta Birtaniya wadda aka fara a 1860, kuma ita kaɗai ce ba ta sauya fili. Gary Player na Afirka ta Kudu shi ne baƙo na farko da ya lashe ta, a 1961. Baƙar fata kuwa bai buga ta ba sai 1975, lokacin da Lee Elder ya samu shiga, duk da cewa har zuwa 1982 masu ɗaukar jakar sanduna a gasar duka baƙaƙen fata ne na kulob ɗin.

Juyin da aka yi a 1935 ya sa ramukan da ke bakin rafin Rae suka faɗo a ƙarshen wasa, inda ake yanke hukunci. A 1958 marubuci Herbert Warren Wind na mujallar Sports Illustrated ya raɗa wa kusurwar ramuka na 11 da 12 da 13 suna Amen Corner, sunan ya zauna. Rami na 12 yadi 155 ne kawai, shi ne mafi gajarta a filin, amma farfajiyarsa siririya ce, an ajiye ta a karkace bayan rafi, ta yadda ɓangaren dama ya fi nisa fiye da yadda ido yake gani, ga iska tana juyawa cikin itatuwa. Tom Weiskopf ya yi bugu 13 a nan a 1980. Jordan Spieth yana kan gaba a ranar ƙarshe ta 2016 ya jefa ƙwallo biyu a ruwa, ya yi bugu bakwai, kofin ya suɓuce masa. A 2019 huɗu daga cikin na gaba-gaba suka faɗa ruwan, Tiger Woods ya buga can tsakiya inda ba haɗari, ya lashe gasar. Rami na 13 kuwa shi ne ra'ayin MacKenzie tsantsa: mai bugu biyar ne gajere, rafi yana bin gefen hagu ya gitta gaban farfajiya, duk wanda ya matsa kusa da ruwan ya sami ƙasa mai daidai da gajeriyar hanya, wanda ya guje shi ya tsaya a gangare.

Sai dai filin da ake gani a talabijin yau ya yi nisa da wanda aka buɗe a 1933. Perry Maxwell ya sauya ramuka na bakwai da na goma a ƙarshen shekarun 1930. Robert Trent Jones ya sake gina na 16 a 1947, ya sa masa tafki. Kafin gasar 1981 aka canza irin ciyawar farfajiyoyi zuwa mai santsi, wadda ta sa gangaren da aka tsara don ƙwallo mai tafiya a hankali ya zama abin tsoro. Babban sauyi ya biyo bayan 1997, shekarar da Woods, yana da shekara 21, ya yi nasara da tazarar bugu 12. A 1999 aka bar ciyawar gefen hanya ta ɗan yi tsawo, aka shiga dasa itatuwa ana matse hanyoyi, aka ƙara tsawon filin a 2002 da 2006. Daga kimanin yadi 6,700 a 1934, yanzu ya haura 7,500, guraben yashi kuma sun kai 44. A 2023 an ja dandalin rami na 13 baya har ya kai yadi 545, a kan ƙasar da aka saya daga kulob ɗin da ke maƙwabtaka.

Masu sharhi sun rabu kan wannan. Wasu suna cewa ba makawa, domin ƙwallo da sandunan zamani suna kai bugu nesa da abin da Jones ya taɓa yi, kuma in ba a ja dandali baya ba haɗarin da aka tsara zai zama ado kawai. Wasu kuma, ciki har da Jack Nicklaus da Arnold Palmer waɗanda suka lashe gasar sau goma tsakaninsu, sun nuna rashin jin daɗi da gyaran 2006. Hujjar masu sukar ta fi ƙarfi a kan itatuwa da ciyawa fiye da kan tsawo: ƙarin yadi yana dawo da zaɓin da aka rasa, amma matse hanya yana kashe zaɓin gaba ɗaya, ya bar wa kowa layi guda. Wanda yake son ganin aikin MacKenzie kusa da yadda ya bar shi, Cypress Point da Royal Melbourne da Pasatiempo ake nuna masa, kuma Tom Doak, ɗaya daga cikin marubutan tarihin rayuwarsa na 2001, ya yi shekaru yana maido da Pasatiempo bisa tsofaffin hotuna.

A Augusta, gurbin yashi guda ne ake nunawa a matsayin wanda ya riƙe siffar hannun MacKenzie, mai baki yage-yage kamar gajimare. Yana tsakiyar hanyar rami na goma. Da can yana gadin farfajiya ne, amma tun da Maxwell ya matsar da ita kan tudu a 1937, gurbin ya rage shi kaɗai a kwari, nesa da inda ƙwallon gwanaye take sauka.